Igiyar Birgi a Wuyan Hannuna

Buta ce ta fara tona min asiri. Wata asuba cikin hunturun ƙarshen 2022 na ɗauke ta zan yi alwala, ina karkata ta sai na ji wani abu ya soke ni a gindin babban yatsan dama, kamar an tsira min tsinke mai zafi. Ban san sanda na sake ta ba. Ta faɗi, ruwan ya malale a tsakar gida. Uwargida ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, santsi ne. Ba santsi ba ne, ni ma na sani, don ciwon ya kai wata huɗu yana yi min sallama ina ƙin amsawa.

Ni mutumin Daura ne, shekarata 44, su ne sana'ata, kuma gadonta na yi. Mutane kan yi mamaki in na ce masunci ne ni daga Daura, don an fi sanin ƙasarmu da rairayi da gero da rijiyar Kusugu. Amma muna da ruwa daidai gwargwado. Akwai dam ɗin Daberam, akwai na Sabke ta wajen Mai'aduwa, ga kuma tafkunan da ke cika da damina su ja baya da bazara.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan ci-rani ne na Tafkin Chadi. Da an gama girbi zai ɗaure kayansa ya nufi Doron Baga, ba mu sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ina da shekara 16 ya fara tafiya da ni. A can aikin su kala-kala ne, kuma jiki na samun sauyi. Kalli, doguwar ragar nan da ake bari cikin ruwa, da yamma ake shimfiɗa shi, da safe a ɗaga. Mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, a ɗana a tafi a dawo. Gura, wani irin tarkon kifi, a sa mata dusa a nutsar da ita, kifi ya shiga da kansa. Taru kuwa, babbar ragar ja, aikin taro ne, mutum goma ko fiye ke jansa. Birgi, ragar nan da mutum ɗaya ke wurgawa da hannu, muna jefawa, amma na ɗan lokaci, in ana neman na miya ko ƙananan kifin da za a sa wa ƙugiya. Harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015 shi ya raba ni da can. Na tsira da raina da rigar jikina. Jirgi da kalli da buhunan banda duk na baro su, kuma na gode wa Allah, don akwai waɗanda muka kwana tare da ba su fito ba.

Da na dawo gida ba ni da jari. Abin da na iya ranta kuɗin birgi ɗaya ne. Tun daga ranar, abin da a Chadi nake yi na awa ɗaya ya zama aikina daga asuba har rana ta take, wata rana in koma da la'asar, kwana shida ko bakwai a mako, shekara takwas.

Wanda bai taɓa jefa birgi ba, in ya tsaya a bakin ruwa, abin sha'awa yake gani: raga ta tashi sama ta buɗe kamar faifai, ta sauka da ƙara ɗaya. Abin da ido ba ya kamawa shi ne aikin da ke cikin hannu. Ƙarshen igiya a ɗaure yake a wuyan hannun hagu. Za ka naɗe sauran igiyar, ka tattaro ragar ka damƙe, ka raba gindinta mai dalma, wani kaso a hannun dama, wani a kan gwiwar hannu, wasu har da haƙori suke riƙe bakin. Sai ka juya jiki baya, ka dawo da ƙarfi, ka saki. A daidai sakin nan wuyan hannun dama ke yin wata 'yar karkata, babban yatsa ya buɗe ya baza ragar. In babu karkatar nan birgi ba ya buɗewa, a dunƙule zai faɗa, kifi ya watse. Daga nan ka jira dalma ta kai ƙasa, ka jawo a hankali, ka ɗago shi sharkaf da laka da ciyawa, ka kakkaɓe, ka zare kifi daga idon raga, ka sake naɗewa. In kurungu ne ya shiga, sai ka yi ta fama da ƙayarsa da yatsun nan dai.

Kuma ni da hannuna na ƙara wa kaina nauyi. Karfasa kifi ce mai wayo, tana jin inuwar raga take zillewa, saboda haka na ƙara wa birgina dalma don ya riƙa nutsewa da sauri. Na taɓa ɗora shi a sikelin mai sayen kifi, a bushe ya haura kilo 6. Ina alfahari da shi sosai, don samari da yawa sun gwada sun kasa buɗe shi.

Ciwon iri biyu ne, ko da yake a lokacin ɗaya na ɗauke su. Na farko da rana yake zuwa. Gefen wuyan hannu, ƙasa da babban yatsa, ya ɗan kumbura, in na matse raga ko na murɗa makunnin babur sai ya soke ni har gwiwar hannu. Wani lokaci in na motsa yatsan ina jin wani ƙiiƙii a ciki kamar igiya na gogar itace. Na biyun da dare yake zuwa, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Can tsakar dare sai in farka in ji hannun ya mutu, kamar ba nawa ba, ga wani yaaam kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Sai na tashi zaune na yi ta yarfa shi kafin ya dawo. Na lura da wani abu da ya ɗaure min kai: babban yatsa da manuni da na tsakiya su ke mutuwa, da gefe ɗaya na mai bi musu, amma ƙaramin yatsa lafiyarsa lau. Ban gaya wa kowa ba. Abin da ke raina shi ne shanyewar ɓarin jiki, ina tsoron in na furta ya tabbata.

A bakin ruwa kowa likita ne. Yawanci suka ce sanyi ne, ai duk wanda ke kwana cikin ruwa sai sanyin ƙashi ya kama shi. Na shafa man zafi da man kaɗe har fatar ta saɓule. Na je wurin wanzami ya kafa min ƙaho a bayan hannu, jini baƙi ya fita, na ji sauƙi na kwana biyu. Na je wurin wani dattijo maɗori da ake ji da shi a yankinmu. Ya lalube hannun tsaf, ya ce, "Ɗana, babu karaya, babu targaɗe, ba aikina ba ne. Ka huta masa." Shi ne mutum na farko da ya faɗa min gaskiya, kuma ko sisi bai karɓa ba. Na yi godiya na fito, washegari na koma ruwa. Wata gwaggona kuma ta ce na taka wurin mutanen ruwa, a nemo rubutu. Na sha rubutu, na yi tofi, kuma har gobe ina addu'a a kan hannun nan, amma addu'ar da nake yi a lokacin ta mai son a ɗauke masa ciwo ce ba tare da ya bar abin da ke jawo shi ba.

Sai wani abokin sana'a ya nuna min haɗi. Ka je kemis ka ce a ba ka na ciwon jiki, a ƙulle maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya. Wallahi yana aiki. Bayan rabin awa hannu ya saki, ka jefa birgi kamar kana ɗan shekara ashirin. Na fara da ƙulli ɗaya da asuba, kafin in karya. Daga baya ya zama biyu.

Lokacin ya zo daidai da canjin kuɗi na farkon 2023. Wanda ya rayu a ƙauye a watannin nan ba sai an ba shi labari ba. Masu sarin kifi za su zo babu tsabar kuɗi a hannu, su ce sai dai tiransifa, ga sabis babu, ga kifi ba ya jiran kowa. Kana ji kana gani za ka sayar a wulaƙance ko ka bayar bashi. Abin da kwano ɗaya ke kawowa a da, yanzu sai biyu. Ina da mata da 'ya'ya shida da mahaifiya. Duk wanda ya ce min in huta a wannan lokacin, kallon wanda bai san gida ba nake yi masa. Azumi ya kama a ƙarshen Maris cikin zafi, na mayar da shan haɗin lokacin sahur da bayan buɗa-baki. Cikina ya fara zafi, wani raɗaɗi a ƙahon zuci, na ce yunwar azumi ce. Da na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, na ce wani abin na ci.

Ranar da abin ya faru muna cikin goman ƙarshe. Ni da ƙanena muna Daberam cikin kwale-kwale, shi yana tuƙi ni ina tsaye a goshi. Akwai iska. Na jefa a wani wuri da na san akwai kututture a ƙasa, don a irin wurin tarwaɗa ke laɓewa. Birgi ya sarƙe. Wannan ba sabon abu ba ne, yakan faru, sai ka sassauta igiya ka zagaya ka lallaɓa shi ya fito. Amma iska ta riga ta tura jirgin, igiya ta miƙe, zargen da ke wuyan hannuna na hagu ya shaƙe. Na kai hannun dama in kwance. Yatsun suna kan ƙullin, ina ganinsu da idona, amma ba na jin igiyar, kuma babban yatsa ya ƙi matsawa. Ƙullin da na kwance sau dubbai a rayuwata. Na ji ƙanena yana cewa, "Yaya, saki! Yaya, kwance!" Sai ga ni cikin ruwa.

Na iya ruwa tun ina yaro, amma mai hannu ɗaya a ɗaure ba iyo yake yi ba. Na sha ruwa, na taso, na sake nutsewa. Ƙanena ya faɗo da wuƙar gyaran kifi ya yanke igiyar. Da ya jawo ni jikin jirgi na kasa kama bakinsa da hannun dama, sai da ya turo ni ta baya. Muka zauna shiru muna haki. Birgin yana can ƙasa har yau.

Da daddare uwargida ta shigo ta zauna a bakin katifa, ta ɗaga gefen tabarma ta fito da ledojin haɗin da nake ɓoyewa. Ashe tarawa take yi. Ta ce, "Malam, ni ba zan hana ka nema ba. Amma yau da yaron nan bai riƙe wuƙa ba, da yanzu zaman makoki ake yi a gidan nan. Kullum dare ina jin ka kana yarfa hannu, ina yin kamar barci nake don kada ka ji kunya." Ta yi kuka, ni ma na kasa ɗaga kai. Bayan Sallah da kwana uku ta sayar da akuyarta, ta damƙa min kuɗin ta ce na asibiti ne.

A asibiti cikin suka fara dubawa kafin hannun. Da na ambaci baƙin bayan gida likitan ya ajiye biro. Aka auna jinina aka ce ya yi ƙasa. Na nuna masa ƙullin haɗi guda da ya rage, ya baje a kan tebur ya ware biyu, ya ce wannan diclofenac ne, wannan ibuprofen, dangi ɗaya ne, ba a haɗa su, kuma shan su kullum, balle a cikin da babu abinci, yana cinye bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, yana kuma taɓa ƙoda. Baƙin da na gani jini ne. Ya ce in daina daga ranar, ya rubuta min maganin gyambon ciki da na ƙarin jini, sannan ya tura ni Katsina wurin masu duba ƙashi da jijiya.

Likitan Katsina Bahaushe ne, kuma Allah ya saka masa, bai yi min Turanci ba. Ya ce in lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, in rufe shi da sauran yatsu, sannan in karkata hannun zuwa gefen ƙaramin yatsa. Ban kai rabi ba na yi ƙara. Karkatar nan kusan ita ce ta sakin birgi. Ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun da yatsansa, na ji wani abu kamar lantarki ya tsarga har kan manuni. Ya sa na haɗa bayan hannuwana biyu na lanƙwasa su ƙasa na minti ɗaya, kafin minti ya cika yatsun nan uku da rabi suka mutu kamar yadda suke yi da dare. Ya sa aka auna min suga, don ya ce masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa da irin wannan. Alhamdulillahi babu.

Sai ya zana min a takarda. Ya ce a Hausa duk jijiya muke cewa, amma iri-iri ce: akwai wadda jini ke bi, akwai wadda ke jan ƙashi kamar igiya, akwai wadda ke kai ji da saƙo. Igiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa suna bi ta cikin wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu, kamar wuƙa a kubenta. In aka yi ta zarewa ana mayarwa da nauyi, kuben sai ya yi kauri ya matse, kowane motsi ya zama gugar ciwo. Wannan shi ne na rana. Ɗana ya duba sunan da aka rubuta a katin cikin wayarsa, ya ce de Quervain, sunan wani likita ne ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi bayanin ciwon tun 1895. Likitan ya ce masu jego ma suna yinsa saboda yawan ɗaga jariri, da na faɗa a gida uwargida ta ce lallai ta yi irinsa a goyon ɗanmu na uku.

Na daren kuma daban ne. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8 da suka yi kamar kwalbati, wata tauri-taurin jijiya ta rufe samansa. Ta cikin wannan 'yar hanya igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar ji guda ɗaya. In wurin ya cushe, ita ce mai laushi, ita ake dannewa. Ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na huɗu. Ƙaramin yatsa wata jijiyar ce ke kula da shi, shi ya sa bai taɓa mutuwa ba. Da dare kuma mutum kan kwanta da hannu a lanƙwashe, hanyar ta ƙara matsewa. Abin da na yi wata da watanni ina ɓoyewa don tsoron shanyewar jiki, ga shi a takarda cikin zane ɗaya.

Amma abin da ya tsaya min a rai ba zanen ba ne. Ya ce in buɗe tafukana biyu in jera. Ya nuna min tudun naman da ke gindin babban yatsa, ya ce in kwatanta. Na dama ya fara faɗawa. Ya ce in aka bar jijiyar a danne shekara da shekaru, naman nan yakan zube gaba ɗaya, kuma in ya zube ba lallai ya dawo ba. Nan take hannun Baba ya zo min a ido. A shekarunsa na ƙarshe wurin nan rami ne a hannuwansa biyu. Ba ya iya sa maɓallin riga. Kofin kunu da hannu biyu yake tallafe shi. Carbi kan zame masa yana cikin lazimi bai sani ba, sai ɗaya daga cikinmu ya ɗauka ya mayar masa. Mun ce tsufa ne, shi ma ya ce tsufa ne. Mutumin da ya ciyar da mu da hannuwan nan shekara arba'in, ba wanda ya taɓa kai shi a duba su. Na fito daga ɗakin likita na samu gindin wata bishiya na zauna, na daɗe ban tashi ba.

Aka ba ni wani maɗauri mai ƙarfe a ciki, kamar karan ɗori, mai riƙe wuyan hannu da babban yatsa kada su motsa. Aka ce mako shida, dare da rana, ban da birgi, ban da matsa, ban da ɗaukar nauyi. Makonnin nan sun fi ciwon wuya. Ko ɗinkin raga ba na iyawa, don shi ma aikin babban yatsa ne. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, komai ya tashi. Uwargida ta fara suyar kifi a ƙofar gida, ƙanena yana kawo mata bashi ta biya da yamma. Magidanci ya zauna a zaure da hantsi, mutane na wucewa gona suna yi masa sannu, wannan abu ne da sai wanda ya ɗanɗana.

A mako na uku zafin ya kwanta, na ce ai na warke. Na ari birgin wani na tafi Sabke ba tare da na gaya wa kowa ba. Jifa goma sha wani abu na yi. Kafin magariba hannun ya koma yadda yake, har ya fi. Da na koma Katsina na faɗi gaskiya. Likitan bai yi faɗa ba, ya ce zafi kan riga ciwo tafiya. Ya yi min allura a cikin kuben nan na gefen hannu, ya ce tana kwantar da kumburi amma ba a yawaita ta, don tana iya raunana igiyar. Wurin ya ɗan yi fari-fari na wasu watanni, kamar yadda ya gaya min zai iya yi. Aka sake ƙirga mako shida daga farko, wannan karon na cika su.

A sashen gashin ƙashi wata ma'aikaciya ta koya min motsa yatsu da miƙa hannu a hankali, sannan ta tambaye ni, "Baba, sau nawa kake jefawa a rana?" Shekara ashirin da wani abu ina su, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Washegari na bi ƙanena bakin ruwa, na zauna da carbin Baba, duk jifa in ja ɗaya. Kafin hantsi ya dubi ludayi na zagaye 99 na fara sabon zagaye, kuma shi bai kai ni naci ba. Na nuna masa, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma hannunsa na tashinsa da dare tun bara.

Na koma ruwa bayan damina ta ja baya. Sabon birgin da na haɗa ƙarami ne, dalmarsa ba ta kai ta wancan ba, kuma na yarda wata karfasar za ta tsere. Na koyi jefawa da ƙugu da kafaɗa, hannu ya zama mai rakiya, wanda da ma haka Baba ke yi, ni ne ƙarfin ƙuruciya ya sa na mayar da komai kan wuyan hannu. Igiya na daina yi mata zarge, madauki nake yi mai faɗi wanda hannu zai zare da kansa in an ja, ga wuƙa a ɗaure a ƙugu. Da kuɗin adashin uwargida muka sayi kalli ɗaya da gura shida, don yini ya rabu kamar yadda yake rabuwa a Chadi. Da hunturu ba na fara jifa sai na ɗumama hannu a wuta na motsa yatsu. Abin da nake samu ya ragu a shekarar farko, ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da tuwo ɗaya aka yi a gidan.

Na je na sami sarkin ruwanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ina so ka ba ni dama in yi wa jama'a magana." Ya tara su wata Juma'a bayan an sauko. Na nuna musu gwajin babban yatsa, na ce kowa ya yi. Cikin waɗanda ke wurin, waɗanda suka yamutsa fuska sun fi waɗanda ba su yi ba. Na gaya musu zancen haɗi da baƙin bayan gida, abin da namiji ba ya son faɗa a gaban mutane. Wasu sun ji. Wasu sun ce in sun huta wa zai ba su, kuma ban da amsar da zan ba su, don ni ma na faɗi haka. Abin da dai muka iya shi ne 'yar asusu, duk mai fita ruwa ya jefa wani abu a mako, wanda ciwo ya kwantar a tallafa masa da hatsi.

Ciwon gefen hannu ya tafi, sai in na yi ganganci yake leƙowa. Na daren bai tafi duka ba. Har yanzu da maɗaurin nake kwana, kuma kan manuni da na tsakiya ba su dawo daidai ba, in na ɗauki allura sai na duba da ido kafin in tabbata tana hannuna. Likita ya ce tunda naman ya fara faɗawa, aiki ya fi: a tsaga rufin kwalbatin nan a sakar wa jijiyar wuri, aikin da ba ya daɗewa, amma hannu zai yi makonni bai ɗauki nauyi ba. Na ji tsoro da farko. Yanzu mun tsayar da magana sai bayan girbi, in an sayar da wake, in Allah ya kai mu. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a.

Babban ɗana shekararsa 17, kuma ya fi ni iya buɗe raga a shekarunsa. In babu makaranta tare muke fita, shi a goshin jirgi, ni a baya da filafili a hannun hagu da carbin Baba a cinya. Duk jifa ina jan ɗaya. In na kai mararrabar 33 sai in ce ya zauna. Wannan lissafin nawa ne, ba likita ya ba ni ba. Jiya a Daberam muka faɗa kan garken karfasa daidai lokacin da na kai wurin, ruwa na ta motsi a gabanmu. Ya juyo ya ce, "Baba, ɗaya kawai." Na ce ya naɗe igiya ya zo ya karɓi filafili. Ya zauna yana kallon ruwan, ni kuma na juya kan jirgin muka nufi inda muka nutsar da gura.